Ina Masu Zanen Koramunmu?

'Yan'uwana ɗalibai, a gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York akwai wani zane mai suna Horseneck Falls. Babu sarki a cikinsa, babu fagen yaƙi, sai ruwa yana gangarowa daga kan duwatsu yana kumfa. Mai zanen, John Henry Twachtman, Ba'amurke ne da aka haifa a Cincinnati a 1853, ya rasu a 1902. Ya koyi sana'arsa a Jamus da Faransa, ya kuma rungumi salon nan da ba a tsayawa ƙidayar ganye, sai dai a kama haske da motsi kamar yadda ido ya gan su a ƙiftawa ɗaya.

Abin lura shi ne, ruwan nan ƙaramar korama ce da ta ratsa gonarsa a Greenwich. Ya zana ta da rani, ya zana ta cikin ƙanƙara, bai gaji ba, har duniya ta san da ita.

To, ni ɗan Ruwan Godiya ne, a ƙasar Faskari. Duk wanda ya ga koramunmu a watan Agusta, ruwa ja wur yana tsalle tsakanin duwatsu, ya san ba su gaza ta Twachtman ba. Amma da me aka san yankinmu? Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, in an ambaci Faskari ko Sabuwa sai mai sauraro ya tuna 'yan bindiga. Ƙasar da ba a nuna kyanta, da wuya baƙo ya ji zafin rasa ta.

Wani zai ce zane haramun ne. A sanina, jayayyar malamai a kan hoton abu mai rai take. Jumhurinsu sun halatta zanen bishiya da dutse da ruwa.

Ba mu rasa magabata ba. A 1958 su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya, suna ɗalibai kamarmu, suka dage sai ɗan ƙasa ya zana abin gidansu. Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta shirya bajekolin zane-zanen karkararmu kowace shekara, ma'aikatanmu matasa kuma su saya su rataya a ofisoshinsu. Wanda hanya ba ta ba shi damar zuwa gida ba, ya zana abin da ya tuna. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.