Askin Bonet Da Abin Da Fenti Ke Rufewa

 A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar makaranta mu leƙa garejin masu gyaran jikin mota na ƙasar Amurka, domin akwai wani aiki da suke yi wa tsofaffin a-kori-kura wanda ya kamata direbobinmu da yaranmu masu koyon walda su san shi.

A can akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tsohuwar mota. Cikin waɗanda suka fi nema akwai a-kori-kurar Chevrolet da aka ƙera daga 1947 zuwa 1955, da Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956. In mutum ya samu ɗaya, sau da yawa bonet ne farkon abin da zai taɓa. Sai ya ciccire tambarin kamfani da duk wani ƙarfen ado mai ƙyalli, a toshe ramukan da suka bari, a goge har bonet ya yi sumul kamar ƙwai. Su can aski suke kiran wannan aiki. Al'adar ta yi ƙarfi a jihar Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda wa da ƙane, Sam da George Barris, suka yi suna da ita a Los Angeles.

To, faɗa da baki ba wuya. Bonet ɗin waccan Chevrolet ɓari biyu ne aka haɗa, da siririn ƙarfe kwance a kan mahaɗin. Mai son askin sai ya cire wannan ƙarfen ya yi wa mahaɗin walda daga gaba har baya. Ga shi kuwa kaurin ƙarfen bonet bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Abin da muke koya wa yara a darasin kimiyya shi ne ke faruwa a nan: ƙarfe in ya ji wuta ya buɗe, in ya huce ya tsuke. Wanda ya ja walda a jere ba tsayawa, kafin ya kai ƙarshe bonet ya riga ya lanƙwashe, har in ka danna shi da yatsa ya lotsa ya dawo da ƙara kamar gindin gwangwani. Shi ya sa gwani yake ɗiga walda ɗigo ɗaya a nan, ya tsallaka nesa ya ɗiga wani, ya jira ƙarfe ya huce har ya iya ɗora tafin hannu, sannan ya bi kowane ɗigo da ƙaramar guduma, da dunƙulen ƙarfe a tokare ta ƙasa, don ya miƙar da abin da wuta ta tsuke. Mahaɗi ɗaya yakan cinye wa mutum yini, alhali mai gaggawa zai gama shi kafin shayi ya huce.

Bayan walda sai cike ƙananan kwazazzabai. Mutanen da dalma suke amfani da ita, kashi 70 dalma, kashi 30 kuza, a narkar a shafe da ludayin katako wanda aka tsoma a kitse, sannan a bi da magagari. Aikin yana da ƙarko, amma ƙurar dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara, kuma mai aikin yakan kai ta gida a jikin tufafinsa. A 1955 aka fito da Bondo, wato irin kwaɓin nan da masu gyaran jikin mota ke kira bodi-fila, ya sauƙaƙa aiki ƙwarai.

Shi bodi-fila ba shi da laifi in an shafa shi siriri, kamar milimita 3. Laifin yana ga wanda ya ƙi gyara ƙarfe ya lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki. Kuma babu inda wannan ha'inci ke saurin tonuwa kamar bonet, domin zafin inji na dukansa ta ƙasa, rana ta sama, ga bugawa duk lokacin da aka rufe shi. Ba a jimawa sai fenti ya tsage. In kuma rami aka cusa wa kwaɓin ba tare da walda ba, ruwa zai shiga ta baya, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye.

A nan ne maganar ta shafe mu, mu da yawancin motocinmu na hannu ne. In za ka sayi mota, ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle ka bi jikinta da shi. Inda ya ƙi kamawa, akwai kwaɓi mai kauri. Sai dai a kula, wasu motocin zamani da alminiyom aka yi jikinsu, kamar Ford F-150 daga 2015, su mayen ƙarfe ba ya kama su ko kaɗan. Ka kuma ɗaga bonet ka dubi cikinsa, don ba kowa ke damuwa da gyara inda ido ba ya kaiwa ba.

A Amurkan ma ba a taru an zama ɗaya ba. Wasu na ganin aski ɓarna ce, sun fi son mota ta zauna yadda ta fito daga kamfani, da tambarinta da komai. Mu dai a ganinmu mai mota shi ke da iko da abarsa, amma bonet ɗin da aka haɗe da walda ba ya komawa ɓari biyu. Shi ya sa masu hangen nesa a cikinsu suke sayen wani bonet dabam su yi masa askin, na asalin kuwa su rataye shi a bangon gareji tare da tambarinsa.