Mu Ne Muka Kashe wa Yaranmu Lissafi

Yarinyar da ke tallar gyaɗa a kasuwar Roni ba ta kuskuren canji. Ka ba ta naira 500 ka sayi ta 150, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka 350. Amma ita ce ake ce wa a aji ba ta da kan lissafi. Laifin namu ne, malamai da iyaye, domin mun mayar da lissafi hadda: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, su rera jadawali kamar waƙa, wanda ya ce "don me?" a ce ya cika surutu.

Abin kunya ne a ƙasar da ta haifi Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mu zana wa 'yan firamare hatimi mai gida tara, mu ce su jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da 15. Mu bar su su yi gardama, su goge, su sake, har su gano dalilin da ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya. Ko mu tambaye su: ta hanyoyi nawa za a biya naira 100 da takardun 10, 20 da 50? Kowane yaro zai samo ɗaya. Mai naci zai nemi hujjar cewa babu saura.

Za a ce aji ya cika, manhaja ta yi tsawo, jarrabawa na tafe. Gaskiya ne. Sai dai wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta. Tsakuwa da ƙasa sun isa, kamar yadda suka ishi masu dara. Kuma haddar da muke kārewa ita ce ke watsewa a zauren WAEC da NECO da zarar an juya tambaya. Wanda bai samu kiredit a lissafi ba, ƙofar jami'a da ta kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure sai ta yi masa ƙunci.

Muna roƙon shugabannin makarantun Roni, Gwiwa, Babura da Kazaure su ware darasi ɗaya a mako, tambaya ɗaya tak, malam ya riƙe amsarsa har yara su nemo tasu. Mu kuma iyaye mu daina faɗa a gaban 'ya'yanmu cewa gidanmu ba a iya lissafi.