RA'AYINMU: Wuƙar Maƙeranmu Ba Ta Da Suna

Duk wanda ya ratsa kasuwar Warra ko ta Yelwa ranar cin kasuwa, ba zai rasa ganin maƙeri ya baza hajarsa a kan buhu ba: lauje da fartanya da gatari, ga kuma wuƙaƙe manya da ƙanana, wasu cikin kube, wasu tsirara. Da su ake feɗe kifin tafkin Kainji kafin a kai shi banda, da su mahauta ke fawa, da su manoman Ngaski da Shanga ke biyan bukatunsu a gona. Amma ɗauki guda ka juya ta gaba da baya, ba za ka ga sunan wanda ya ƙera ta ba. A kan wannan ne muke so mu jawo hankalin hukuma da jama'a yau.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara wuƙaƙen aljihu, irin masu naɗewa ɗin nan. Sukan yi ta musu tsakaninsu. Wasu su ce ƙirar hannu ta fi, ko da ba ta miƙe sarai ba, wasu su ce ta inji ta fi ingancin ƙarfe. Amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya, wato tambarin maƙeri. Wuƙar da aka san mai ita da garinsu, ita ce mai daraja.

Maƙeran can sun daɗe da gane haka. Gidan Opinel na Faransa yana yin wuƙarsa mai ƙotar icce tun 1890, Victorinox na Suwizalan kuwa ya samo asali tun 1884. A Jamus, tun 1938 aka yi dokar da ta hana a buga sunan garin Solingen a kan wuƙar da ba can aka yi ta ba. Daga garin ne ma aka fara ƙera wuƙar Okapi a 1902 don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988.

Mu kuwa ba gwaninta muka rasa ba. Binciken da aka yi a Taruga ya nuna ana narka tama a ƙasar nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Har gobe maƙerinmu yakan ɗauki tsohon sifirin mota, ya hura gawayin ƙirya da zuga-zugi, ya daka shi a kan uwar maƙera, ya fito da wuƙar da za ta yi shekaru tana aiki. Baduku kuma ya ɗinka mata kube. Amma da yake ba ta da suna, sai dillali ya saye ta da arha, ya kai wa baƙi a manyan birane, ya ci ribar shi kaɗai. Ga kuma wuƙaƙen waje masu sheƙi sun cika kasuwa. To, yaya ɗan maƙeri zai zauna gindin wuta, alhali yana ganin tsaransa sun tafi haƙar zinariya ko acaɓa?

Za a iya cewa a wannan lokaci na rashin tsaro bai dace a tallata wuƙa ba. Wannan tsoro yana da dalili. Amma a ganinmu tambari taimako ne ga masu tsaro, domin wuƙar da ke ɗauke da alamar mai ita ana iya bin sawunta, kuma maƙerin da sunansa ke kan aikinsa zai kula da wanda yake ƙera wa.

Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga su haɗa kai da Masarautar Yauri da sarakunan maƙera, a rubuta kowane gidan ƙira, a ba shi alamarsa. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ya nemi tsofaffin wuƙaƙe da kayan ƙira na wannan yanki ya adana, musamman da yake gina madatsar Kainji a 1968 ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu na gado. A kuma tuna wa masu saye cewa Doka ta 77 ta 1979 ta hana fita da kayan tarihi waje ba da izini ba.

Ɗalibanmu su ma suna da aiki. Su je su zauna da dattawan maƙera, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Ma'aikaci kuwa, in Sallar layya ta zo, ya nemi wuƙar gida, ya tambayi sunan mai ita, ya biya shi da daraja. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.