Kayan Barka: Mu Duba Abin da Muke Kai wa Yara

Duk mai zuwa barka ko suna tana son ta shiga da abu a hannu, kuma hakan zumunci ne. Sai dai a 'yan shekarun nan kayan barka sun koma roba zalla: kacau-kacau na roba, motar roba mai batir, 'yartsana mai kuka, kowanne an ƙunshe shi a leda biyu ko uku. Kafin a yi arba'in rabinsu sun karye, sun tafi bola. Daga bola iska ta kwashe su zuwa kwata, ruwa ya tsaya, sauro ya samu wurin haihuwa. Wanda aka ƙona kuma, hayaƙinsa mu da yaranmu ne muke shaƙa.

A ganina, a matsayina na ungozoma, abin da ke ɓata unguwa sau da yawa shi ne ke cutar da yaro tun a ɗaki. Jariri komai baki yake kaiwa. Fentin wasu kayan wasa yana ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ido ba ya gane ta. A shekarar 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye kayan wasa sama da miliyan ɗaya daga kasuwa saboda wannan dalili. In babban kamfani ya faɗa ciki, ina ga kayan da ba suna ba adireshi da ake zubawa a bakin titi? Ga kuma ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaronsa cikin awa 2. Kada a ba shi manja, kada a sa shi amai, a garzayo da shi asibiti.

To me za a kai? Zanen goyo da majanyi na auduga ba sa tsufa da wuri, ƙane ma zai gada. Nafkin na yadi dozin guda ya fi ƙunshin famfas daɗewa nesa ba kusa ba. Na san wanki akwai wahala, musamman ga mai jego a inda ruwa ke da tsada, shi ya sa nake cewa mai kawo nafkin ta haɗa da sabulu da bokiti. Gidan sauro mai magani kuwa ba uwar da za ta raina shi. Bulumboti dai a bar shi a kanti, domin nonon uwa zalla ake so har wata 6.

Ga yaran da suka tasa, 'yartsanar tsumma da kaka ta ɗinka ko motar katako da kafinta ya goge sosai, ba fenti, sun wadatar. A dai tabbatar ba maɓalli ko dutsen ado da zai ɓalle, musamman ga ɗan ƙasa da shekara 3.

Kyautar da na fi so kawu ko baffa ya kawo ita ce dashen itace. Zogale ba ya cin wuri, cikin 'yan watanni an fara tsinkar ganye ana kwaɗo da miya. Mangwaro mai aure yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, wato daidai lokacin da mai sunan ya iya cewa "nawa ne". Sai a kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki.