Rake a Ƙasar Gawo

A shekarar 2016 manoman Gagarawa da Taura da Garki da Sule Tankarkar suka yi tsayin daka kan shirin gwamnatin Jigawa na bai wa kamfanin Lee hekta 12,000 domin noman rake. Ilimin halittu yana bayansu. Gawon gonakinsu yakan zubar da ganye da damina ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi da rani. Rake kuwa shekara guda yake yi yana shan ruwa, a ƙasar da daminarta wata huɗu ce. Kuɗin diyya ƙarewa suke yi. Gawon da aka tumɓuke, sai jikoki su ga madadinsa. Wajibi ne mahukunta a Dutse su riƙa auna wannan kafin su ba da ƙasar manoma.