Karatu Daga Nesa: A Fara Bai Wa Ɗalibi Matsala Ya Warware

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun shekarar 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ta horar da ɗimbin malamai ta hanyar aika musu darussa har garuruwansu. A shekarar 2020 kuwa, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, sai darussa suka koma gidajen rediyo da talabijin da intanet. To amma duk malamin da ya koyar ta wannan hanya ya san inda gizo ke saƙa: ɗalibi zai kunna na'ura, malam ya yi ta bayani, hankalin ɗalibin kuwa yana wani wuri.

A ganina, babban laifin yana ga yadda muke tsara darasi. A cikin aji idon malam kan tsare ɗalibi ko da darasin bai yi armashi ba. Daga nesa babu wannan ido, saboda haka dole darasin da kansa ya riƙe shi.

Akwai dabarar da Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada ta fara amfani da ita wajen koyar da likitoci a shekarar 1969. Maimakon a fara da lacca, sai a kawo wa ƙaramin rukunin ɗalibai labarin wani majiyyaci, su tattauna abin da suka sani, su gano abin da ya shige musu duhu, su je su bincika, sannan su dawo su kwatanta sakamako. Aikin malam shi ne ya yi musu jagora da tambayoyi.

Bari in kawo misali daga ilimin halittu. Me ya sa ƙwari ke cinye waken da aka ajiye a buhu, amma wanda aka cika jarka da shi aka toshe bakinta ya daɗe lafiya? A ce kowane ɗalibi ya zuba wake a kwalabe biyu, ya rufe ɗaya da tsumma, ɗayar ya cika ta ya toshe sosai, ya riƙa rubuta abin da ya gani har mako shida. Zai gano cewa ƙwaron kan yi ƙwai a bayan ƙwayar, tsutsa ta huda ta shiga ciki, kuma ita ma tana numfashi. Idan iskar oksijin ta ƙare sai ta mutu. Ga darasin numfashi da na matakan rayuwar ƙwari sun samu a ɗakin ajiyar mahaifiyarsa.

Wasu malamai za su ce wannan hanya tana cin lokaci, ga manhaja da jarrabawa suna jira. Maganarsu tana kan hanya, domin wanda bai san tushen abu ba yakan ruɗe idan aka sake shi shi kaɗai. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa biyun: taƙaitaccen bayani, sannan matsala guda a kowane babi, da rukunin ɗalibai biyar ko shida masu musayar sakamako ta waya.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai an ba ku. Ku nemi kwalabe biyu da ɗan wake, ku fara a wannan makon.