Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara A Fagen Dodanni

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai bayan cin abincin dare, ba zai rasa ganin wasu samari sun duƙufa a kan waya ko kwamfuta suna haɗa dodanni faɗa a wasan Pokémon ba. Wasu 'yan'uwanmu suna yi musu kallon masu ɓata lokaci. Ba wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, domin ni ma ina cikin masu duƙufar. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da muke bi wajen koyon wasan, wadda a ganina ba za ta kai kowa ga gwaninta ba.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san dawan garin ba bayani. Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙiro wasan, Nintendo ya fitar da shi a ƙasar Japan cikin 1996, da dodanni 151. Yanzu sun haura 1000, sun kasu jinsi 18, kowane jinsi da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayarsa: na ruwa ya fi ƙarfin na wuta, na wuta ya fi ƙarfin na ciyawa, na ciyawa kuma ya fi ƙarfin na ruwa. A gasar duniya, ɗan wasa yakan zo da dodanni shida, ya dubi na abokin karawarsa, sa'an nan ya zaɓi huɗu, a yi ta gwabzawa biyu da biyu. Kowane dodo dabaru huɗu kaɗai yake riƙewa. Abin da ya fi kome muhimmanci kuwa shi ne, kai da abokin karawarka a lokaci guda kuke ba da umurni, ba wanda ya san abin da ɗaya ya zaɓa sai an buɗe. Watau rabin wasan lissafi ne, rabi kuma karanta zuciyar mutum.

To, yaya muke yi? Da zarar an gama wata babbar gasa, sai mu ruga mu kwafo rundunar wanda ya ci, dodo da dodo, dabara da dabara, mu shiga fage muna hura hanci. In aka kayar da mu, sai mu ce sa'a ce ba mu taka ba, mu watsar da wannan runduna mu kwafo wata. Ni kaina na shafe zangon karatu guda cur ina wannan yawo, ban ƙaru da kome ba sai haddar sunaye. Daidai yake da ɗalibin da ya haddace amsar tambayoyin bara, ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar an sauya lambobi.

Mu dubi abin da ya faru a birnin Washington cikin 2014. Wani ɗan Koriya ta Kudu, Se Jun Park, ya ci gasar duniya, a cikin rundunarsa kuwa har da Pachirisu, wani ɗan ƙaramin dodo mai siffar kurege wanda manyan 'yan wasa ba su ɗauke shi a bakin kome ba. Jama'a suka yi ta shewa, wai kurege ya kunyata manyan dawa, kamar a tatsuniya. Amma fa ba don sha'awa ya ɗauko shi ba. A rundunar tasa akwai Gyarados, mai bugu kamar guduma, sai dai harin lantarki yana yi masa lahani ninki huɗu. Shi kuwa kuregen yana da dabarar Follow Me, watau "biyo ni", wadda ke janyo harin abokan gaba zuwa kansa, ga shi kuma yana da baiwar shanye lantarki, maimakon ya ji ciwo sai ma ya ƙara lafiya. Har wa yau, dodon da aka saba sa wa wannan aiki a lokacin, Amoonguss, da hoda yake janyo hari, alhali tun daga wasannin 2013 hoda ba ta kama dodannin ciyawa, kuma akwai wani tabarau da ke kare kowane dodo daga gare ta. Dabarar kuregen ba ta da wannan aibi. Ashe Park ya auna raunin rundunarsa, ya auna abin da sauran 'yan gasa za su zo da shi, sa'an nan ya nemo abin toshe ɓarakar. Wanda ya kwafo kuregen ba tare da wannan tunani ba, fatar kawai ya ɗauko.

Na san wani zai ce, ai kowane gwani da aro ya fara. Gaskiya ne, ban ƙi ba. Sabon shiga da ya ce sai ya gina tasa runduna tun ranar farko, wahala kurum zai sha. Abin da nake ƙi shi ne aron da ba tambaya a cikinsa. A wasannin Scarlet da Violet na 2022, alal misali, kowane dodo yana da makin horo 510 da za a rarraba masa, kuma ba a zuba fiye da 252 a sifa guda. In ka ga gwani ya zuba wani adadi mai ban mamaki a wajen sauri, to akwai wani dodo takamaimai da yake son ya riga bugu, ko da da maki ɗaya ne. In ka ga ya rage ƙarfin hari ya ƙara juriya, akwai wani bugu da yake son ya sha ya tashi. Kai da ka ara, ka san wane dodo ne, ka san wane bugu ne? In ba ka sani ba, ran da kuka haɗu da shi za ka janye a inda ya kamata ka tsaya.

Sai maganar sa'a, wadda ta zame mana mafaka. Babu shakka akwai ta. A waɗannan wasanni, bugu na yau da kullum yana iya zama mummuna sau ɗaya cikin 24. Dabarar Rock Slide, mai zubo duwatsu, tana samun abin hari kashi 90 cikin ɗari, in ta samu kuma akwai kashi 30 na ta firgita shi ya kasa motsi. Amma duk waɗannan lambobi a bayyane suke tun kafin a fara. Wanda ya jingina nasararsa ga harin da kan kuskure sau ɗaya cikin goma, alhali yana da wata hanya tabbatacciya, shi ya zaɓi cacar da hannunsa. Haka kuma wanda ya maimaita dabarar kāre kai ta Protect sau biyu a jere, ya san a karo na biyu kashi ɗaya cikin uku kaɗai take ci. In da sa'a ce ke mulkin wannan fage, da Ray Rizzo na Amurka bai ci gasar duniya shekara uku a jere ba, 2010 da 2011 da 2012.

Illar kukan sa'a ita ce tana hana mutum waiwaye. Sau da yawa bugun da muke kuka da shi a zagaye na takwas, tun a zagayen farko muka buɗe masa ƙofa, ko ma tun wajen zaɓen huɗu daga cikin shida. Mai wasan dara da aka cinye yakan tuna inda ya yi sakaci da ɗansa, domin ba shi da wata sa'a da zai ɗora wa laifi. Mu kuwa mun sami abin fakewa, mun kwanta a bayansa.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwa. Ka ari runduna ɗaya, ka zauna da ita har ka iya faɗin aikin kowane dodo da dalilin kowace dabara ba tare da ka duba takarda ba. Manhajar Pokémon Showdown, wadda yawancinmu muke wasa a kai kyauta, tana ba da damar adana karawa a sake kallonta. Ka kalli waɗanda aka kayar da kai, ba waɗanda ka ci ba, ka nemi zagayen da al'amari ya fara lalacewa, ka rubuta abin da ya kamata ka yi. In ka lura dodo ɗaya ne ke yawan karya ka, a sa'an nan ne ya halatta ka sauya wani abu a rundunar, kuma abu ɗaya tak, don ka gane ko sauyin ne ya yi aiki. Ni dai tun da na koma wannan hanya ina nan da rundunar da na ara wata huɗu da suka wuce, dodo ɗaya kaɗai na musanya, kuma zan iya gaya wa duk mai tambaya dalilin da ya sa.